Dausayin Cikin Gari: Tambayoyi da Amsoshi kan Kare Shi, Farfaɗo da Shi da Gane Lafiyarsa

Da wuya ka sami babban gari da ba shi da wani kwari inda ruwa ke kwanciya, wanda mutane ke wucewa ta gefensa suna toshe hanci. Wasu na yi masa kallon juji, wasu kuma fulotai suke gani waɗanda ba a kai ga yankawa ba. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan ana maganar irin wannan wuri, daga bakin mazauna unguwa, ɗalibai, magina da ma'aikatan tsara birane.

Me ake nufi da dausayi? Duk inda ruwa ya kwanta ne?

A'a. Ruwan da ya taru a ramin titi bayan an ɗauke ruwan sama ba dausayi ba ne. Dausayi wuri ne da ruwa ke daɗewa a kan ƙasa ko dab da samanta, har ƙasar ta sauya hali, tsirrai masu son jiƙa suka mamaye ta. Abu uku ake dubawa: ruwan, ƙasar, da abin da ya tsiro. In ka tona ƙasar dausayi za ka tarar da ita toka-toka ko baƙa, da ɗigo-ɗigon tsatsa a jikinta, wani lokaci har da warin ruɓaɓɓen ƙwai, saboda ta daɗe iska ba ta ratsa ta ba. Wannan shaida tana nan daram ko da rani ya busar da saman wurin ƙayau. Kuma a nan ake yawan cutar dausayi: a zo awon fili da rani, a ga busasshiyar ƙasa, a rubuta cewa fili ne na gini.

Yarjejeniyar Ramsar ta ƙasashen duniya kan kula da dausayoyi, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Fabrairu, 1971 a garin Ramsar na ƙasar Iran, ta faɗaɗa ma'anar sosai. Ta haɗa da fadama, tafki, bakin kogi, dazukan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri a gaɓar teku, da ruwan tekun da zurfinsa bai wuce mita 6 ba idan ya janye. Har waɗanda hannun mutum ya samar, kamar kududdufai da tafkunan tace ruwan ƙazanta, sun shiga ciki.

Wane aiki yake yi wa gari da har za a hana gini a kansa?

Babban aikinsa shi ne riƙe ruwa a ranar da ruwa ya yi yawa. A yi ɗan lissafi. Idan aka yi ruwan sama na milimita 50, abin da ya sauka a kan hekta ɗaya kaɗai ya kai lita 500,000. A ƙasa mai ciyawa da itatuwa, wajen kashi 10 cikin ɗari ne ke malala a sama. Sauran ƙasa ta shanye, ko ya koma sama ta hanyar ganye da rana. A unguwar da kwano da kwalta da siminti suka rufe kusan ko'ina, abin da ke malala kan haura rabi. Wannan ruwa dole ya sami inda zai je. In akwai dausayi, can yake bazuwa, ciyayi su rage masa gudu, ya riƙa fita a hankali cikin kwanaki. In an cike dausayin, ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya tarar da ɗakunan mutane a inda ya saba kwana.

Birnin Chennai na Indiya ya ɗanɗana wannan. Fadamar Pallikaranai da ke kudancin birnin ta yi ta ƙanƙancewa ƙarƙashin gine-gine, tituna da wani makeken juji, har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma na girmanta na da ba. A Disambar 2015 ambaliya ta shanye birnin. A Yunin 2019 kuma manyan madatsun ruwan shan birnin suka ƙafe kusan ƙaf. Gari ɗaya, cikin shekara huɗu, ya sha wahalar yawan ruwa da ta rashinsa, kuma duk biyun suna da alaƙa da rasa wuraren da ke tare ruwa.

A Amurka, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa dausayoyin gaɓar teku sun hana asarar dukiya ta kusan dala miliyan 625 lokacin guguwar Sandy ta 2012. Ban da wannan, wasu dausayoyin suna shayar da ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda rijiyoyi ke dogaro da shi, suna sanyaya iskar unguwa lokacin zafi, kuma su ne mafakar ƙarshe ta kifi, kwaɗi da tsuntsaye a cikin gari.

Da gaske ne dausayi yana tace ƙazantar ruwa?

Gaskiya ne, kuma an san yadda abin ke faruwa. Da zarar ruwa ya shiga cikin ciyayi gudunsa ya ragu, laka da dattin da ya ɗauko sai su kwanta. Ƙwayoyin halittar da ke manne a saiwoyi suna cinye ruɓaɓɓun abubuwa. Wasu daga cikinsu, waɗanda ke rayuwa a lakar da ba iska, suna mayar da naitirojin ɗin da ke cikin fitsari da takin zamani ya zama iska ya tashi. Hasken rana a ruwa marar zurfi yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa.

Misalin da ya fi shahara yana gabashin birnin Kolkata na Indiya. A can, ruwan ƙazantar birnin yana bi ta cikin ɗaruruwan tafkuna marasa zurfi, rana da gansakuka su yi aikinsu, kifi ya ci gansakukar, a ƙarshe a yi ban-ruwa da abin da ya fito. Masunta da manoman yankin ne suka gano dabarar da kansu. Injiniya Dhrubajyoti Ghosh shi ne ya bi sawun ruwan, ya fahimci abin da suke yi, ya shafe shekaru yana fafutukar kare wurin. An sa hekta 12,500 na yankin cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2002. A Kampala ma, fadamar Nakivubo ce ke tsakanin magudanar birnin da Tafkin Biktoriya, ba nisa da inda ake ɗibar ruwan sha. Wani nazari na 1999 ya ƙiyasta aikin tacewar da take yi da fiye da dala miliyan ɗaya a shekara.

To me zai hana a sakar masa duk ƙazantar gari ya tace?

Domin komai yana da iyaka. Fosfaras, wanda ke zuwa daga sabulu, taki da bahaya, ba ya tashi sama kamar naitirojin. Maƙalewa yake yi a laka, kuma ranar da lakar ta ƙoshi sai ta fara mayar da shi cikin ruwa. Dalma da sauran ƙarafa masu guba daga masana'antu, majemu da tsofaffin batura ba sa ruɓewa ko kaɗan. Suna taruwa a laka, su shiga jikin kifi da ganyen da aka noma a wurin.

Tafkin Bellandur na birnin Bengaluru a Indiya ya nuna inda abin kan kai. An yi ta antaya masa ɗanyen ruwan masai da na masana'antu har ya riƙa tumbatsa da kumfa tana hawa titi, kuma a Fabrairun 2017 wuta ta tashi a kansa. Dausayi mataimaki ne ga matatar ruwan ƙazanta, ba madadinta ba.

Ba matattarar sauro ba ce? Wannan fa shi ne abin da ya fi damun maƙwabta.

Tambaya ce da ta cancanci amsa ta gaskiya, ba lallashi ba. Sauro na hayayyafa a ruwa, wannan ba musu. Amma kowane irin sauro da ruwan da yake so. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙananan ruwaye da rana ke duka, irin na sawun taya, ramin bulo da kwatamin da ba kifi. Wanda ke damun mutane da kuka da daddare ya fi yawa a baƙin ruwan lambatu da na masai. Mai kawo ciwon shawara da zazzaɓin dengi kuwa a tsofaffin tayoyi, gwangwanaye da randunan gida yake ƙyanƙyasa.

Dausayin da ke da rai cike yake da masu cin tsutsar sauro: ƙananan kifaye, 'ya'yan mazari, buzuzun ruwa. Idan ƙazanta ta kashe waɗannan, tsutsar sauro ce ke saura, domin ita ta saman ruwa take shaƙar iska, ruɓewar ruwan ba ta dame ta ba. Shi ya sa dausayin da aka mayar juji ya fi lafiyayye sauro nesa ba kusa ba. Duk da haka, wanda ke tsara gyara dole ya sa sauro a lissafi: kada a bar ƙananan ramuka da suka yanke daga babban ruwan, inda kifi ba zai kai ba. A ƙasashen da ake fama da tsargiya kuma, sai an kula da katantanwar ruwa mai ɗauke da cutar, a hana fitsari da bahaya shiga ruwan, a kuma faɗa wa iyaye gaskiya game da wankan yara a ciki.

Me ke kashe dausayi a gari?

Rahoton da sakatariyar Ramsar ta fitar a 2018 ya ce duniya ta rasa kusan kashi 35 cikin ɗari na dausayoyinta tsakanin 1970 da 2015, saurin da ya ninka na ɓacewar dazuzzuka sau uku. A cikin gari, ba kasafai ake kashe dausayi rana ɗaya ba. Tifa ɗaya ce ta ɓaraguzan gini yau, wata gobe, sai a wayi gari an kafa katanga. Titi ya ratsa ta tsakiya da kwalbati ƙarami, gefe ɗaya ya nutse ɗayan ya bushe. A zuba wa rafin da ke shayar da shi kankare, ruwa ya riƙa wucewa a guje ba ya tsayawa. Yashi da jar ƙasa daga wuraren gini su binne shi sannu a hankali.

Akwai kuma kisan da ba a lura da shi, wato yawan ruwa. Dausayin da ya saba cika da damina ya ja baya da rani, in aka mayar da shi mazubar ruwan lambatu shekara zagaye, tsirran da ke buƙatar ƙasa ta sha iska kafin su tsiro sai su ɓace. Masu binciken rafuka sun daɗe da lura cewa alamun lalacewa kan fara bayyana tun siminti da kwalta ba su rufe fiye da kashi 10 cikin ɗari na yankin da ruwan ke gangarowa daga shi ba.

In an yi ciko mai kyau aka kafa gini mai ƙarfi, ina matsalar?

Ciko yana ɗaga fulotinka ne, ya tura ruwan gidan maƙwabcinka. Sannan ƙasar da ke ƙarƙashi tana nan da halinta: laka ce mai laushi, tana lotsawa a hankali, bango ya tsage, damshi ya hau gini. Birnin Meziko, wanda aka gina a kan busasshen tafkin Texcoco, ya shafe fiye da shekara ɗari yana nutsewa yayin da ake zuƙe ruwan ƙarƙashinsa, kuma a girgizar ƙasa ta 1985 unguwannin da ke kan tsohuwar lakar tafkin ne suka fi rugujewa.

Ta yaya ake gane ko dausayi yana da lafiya?

Ba da kyan gani ba. Wannan shi ne kuskuren da na fi son mutane su rabu da shi. Ana iya samun tafki mai shuɗin ruwa, an kewaye shi da fitilu da kujeru, amma a ciki ba abin da ke motsi. Ana kuma iya samun fadama mai taɓo da sarƙaƙiyar ciyawa, wadda ba mai sha'awar ɗaukar hotonta, alhali tana aikinta ba fashi.

Lafiyar dausayi ana auna ta ne da kwatanci. Sai a nemi wani dausayin irinsa, a yanki ɗaya, wanda hannun mutum bai taɓa shi sosai ba, a mai da shi ma'auni. Daga nan a tambaya: ruwa na shiga da fita a lokacin da ya kamata? Siffar wurin tana nan, ko zaizaya ta tsaga shi, ko yashi ya binne shi? Tsirran asali ne ke ciki ko baƙi? Wane ne ke rayuwa a ruwan?

Aikin kan kasu hawa uku. Na farko daga sama ne, da taswira da hotunan tauraron ɗan'adam. Taurarin Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne; Sentinel-2 na Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana iya bambance wuri mai faɗin mita 10. Da waɗannan za a ga yadda girman dausayin yake shekara 30 ko 40 da suka wuce, da yadda gini ya yi ta cinye shi. Hawa na biyu shi ne zagayen ƙafa na yini ɗaya ko rabi, da takardar tambayoyi a hannu, ana ba kowane sashe maki. Na uku shi ne ɗibar ruwa, laka da halittu a kai ɗakin gwaje-gwaje, wanda ya fi tsada amma shi ke tabbatar da abin da ido ya zarga.

Ƙasashe da dama sun tsara ma'auninsu. Afirka ta Kudu tana da tsarin WET-Health, wanda ke jera dausayi daga A, wato yana nan kusan yadda Allah ya halicce shi, zuwa F, wato ya lalace matuƙa. Dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta kasa lafiyar ruwaye gida biyar, daga mafi kyau zuwa mafi muni.

A gwajin ruwa, me ake aunawa?

Na farko iskar oksijin da ta narke a ruwan. Yawancin kifaye sun fi sakewa idan ta kai miligiram 5 a kowace lita. In ta faɗo ƙasa da 2, sai masu taurin rai irin su tarwaɗa. Lokacin awo yana da tasiri ƙwarai. Da rana gansakuka na samar da oksijin, da daddare kuma tana shanye shi, don haka ruwan da ya nuna lafiya da la'asar yana iya zama a shaƙe kafin asuba. Wanda ke son gaskiyar ruwa ya auna shi da sassafe.

Sai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda a yawancin ruwan daɗi yake tsakanin 6.5 da 8.5, sai gishirin da ke ciki, da yawan naitirojin da fosfaras, da ƙwayoyin cutar da ke nuna bahaya ya shiga. Gurɓacewar ruwa kuma ana iya auna ta da faifai fari da ake saukarwa da igiya har ya ɓace wa ido, dabarar da Angelo Secchi ya fara amfani da ita a 1865.

A auna a mashigar ruwa, a auna a mafitarsa. Bambancin da ke tsakani shi ne aikin da dausayin ya yi. Kuma awo ɗaya ba ya isa. Sai an maimaita damina da rani.

Me ya sa masana ke damuwa da ƙwari da tsutsotsin ruwa?

Saboda kwalbar ruwan da ka ɗiba tana ba ka labarin wannan sa'ar ce kawai. In wata masana'anta ta saki guba cikin dare, kafin gari ya waye ruwan ya wuce, gwajinka ba zai ga komai ba. Amma halittun da ke zaune a wurin wata da watanni ba su da inda za su gudu. In sun mutu, rashinsu ne shaida.

Lafiyayyen ruwa yana da iri-iri: 'ya'yan mazari, buzuzun ruwa, ƙananan jatan lande, tsutsotsin ƙwari masu rauni da ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsu da ganye. Ruwan da ya ruɓe kuwa za ka ga yawa amma iri ɗaya ko biyu: jajayen tsutsotsin laka, waɗanda jininsu ke iya riƙe ɗan oksijin da ya rage, da matsattsaku. James Karr ne ya fara haɗa irin waɗannan alamu su zama maki guda a 1981, da kifayen rafukan Amurka. A Afirka ta Kudu an sauƙaƙa abin zuwa miniSASS, wanda 'yan makaranta ke yi da ƙaramar raga da farin faranti. Sai dai an tsara shi ne don ruwa mai gudu, don haka a ruwan da ke kwance a yi hattara da makin da ya bayar.

Tsuntsaye ma shaida ne, amma sukan ruɗi mutum. Garken balbela a bakin ruwa ba ya nufin komai, tunda har a juji tana kiwo. Abin dubawa shi ne iri nawa ne, kuma suna yin sheƙa su ƙyanƙyashe a wurin ko wucewa kawai suke yi. Tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama kowace Janairu, yawanci da hannun 'yan sa-kai.

Ruwan ya rufe da kore shar. Wannan ba alamar rai ba ce?

Sau da yawa alamar ƙoshi ce da ta zama cuta. Idan taki da ƙazanta suka yi yawa, tsiro ɗaya kan rinjayi kowa. Akwai wani mai shuɗin fure da ke yawo a saman ruwa, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ke iya ninka kansa cikin kamar mako biyu. Shi ne ya toshe gaɓar Tafkin Biktoriya a shekarun 1990 har jiragen ruwa suka kasa fita. Kainuwa ma kan yi haka, kachalla kuma kan mamaye inda ruwa ya daina ja da baya. A ƙarƙashin wannan shimfiɗa haske ba ya shiga, oksijin na ƙarewa. Yanke su yana taimakawa na ɗan lokaci, amma muddin abincinsu na kwararowa daga lambatu, za su dawo.

Idan za a farfaɗo da dausayi, daga ina ake farawa?

Daga ruwa. Ba daga dashen itatuwa ba, ba daga allon sanarwa ba. Abin takaici ne yadda ake kashe kuɗi a kan shuke-shuke ranar biki, bayan wata shida duk sun mutu saboda ba wanda ya tambayi me ya kashe na farkon.

Matakin farko shi ne a tsayar da ɓarnar: a shata iyaka a kafa alamu da kowa zai gani, a hana ciko da zubar da shara, a tare ɗanyen ruwan masai tun daga sama. Sannan a fahimci tafiyar ruwan, daga ina yake zuwa, wata nawa yake kwanciya, ina yake fita. Tsofaffin hotuna da tsofaffin mazauna wurin sun fi kowa sanin wannan. Gyaran kan zama toshe wata magudanar da aka haƙa don busar da wurin, ko faɗaɗa kwalbati, ko kwashe ɓaraguzai har a iske ƙasar asali, ko fasa kankaren da aka ɗaure rafi da shi.

Siffar gaɓa tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Rami mai zurfi da gaɓa a tsaye kamar rijiya ba dausayi ba ne, tarko ne ga yara. Ana son gangare mai sauƙi, inda zurfi ke ƙaruwa a hankali, domin a wannan ɗan tsakanin na ruwa da tudu ne mafi yawan rai yake. A mashiga kuma a yi ƙaramin tafki da zai tare yashi da leda, wanda mota za ta iya isa a riƙa yashe shi. A bar zirin ciyawa da itatuwa kewaye da wurin. Dokokin wurare da yawa sun sa kamar mita 30.

Sai bayan duk wannan ake maganar shuka, kuma sau da yawa ba a ma buƙatar da yawa. Lakar tsohon dausayi cike take da irin da ke jiran ruwa. A ba ta damina ɗaya ko biyu a ga abin da zai fito, sannan a cike giɓi da tsirran yankin, ba na ado da aka kawo daga wata ƙasa ba. Haka nan kada a zuba baƙon kifi. A magudanan Xochimilco na birnin Meziko, kifayen da aka shigo da su suna cikin abubuwan da suka kusa ƙarar da axolotl, wata halittar ruwa da ba a samunta a daji ko'ina sai can.

Akwai inda aka yi aka ga nasara?

Akwai. A Landan, an mayar da tsofaffin ma'ajiyun ruwa huɗu na kankare a unguwar Barnes suka zama dausayi mai fiye da hekta 40, aka buɗe shi a 2000. A Kigali, kwarin Nyandungu da ya lalace an farfaɗo da shi ya zama wurin shaƙatawa mai hekta 121, aka buɗe a 2022. Ƙasar Sin ta fara shirin biranen da ke shan ruwa kamar soso a garuruwa 16 a 2015, bisa tunanin da masanin tsara filaye Yu Kongjian ya daɗe yana kira a kai.

Amma a faɗi ɗaya gefen. A Yulin 2021 birnin Zhengzhou, wanda ya kashe kuɗi masu yawa a irin wannan shiri, ya sami ruwan sama fiye da milimita 200 cikin sa'a ɗaya, ya nutse, aka yi asarar rayuka. Dausayi na rage ambaliya, ba ya soke ta. Haka kuma rafin Cheonggyecheon na Seoul, inda aka rushe gadar sama aka buɗe kusan kilomita 6 a 2005: wuri ne mai daɗin zama da ya sanyaya tsakiyar birnin, sai dai mafi yawan ruwansa da famfo ake turo shi.

Dausayin da aka gyara yana komawa kamar da?

Da wuya. Wani nazari da aka wallafa a 2012, wanda ya tattara bayanai daga dausayoyi 621 da aka gyara ko aka ƙirƙira a sassan duniya, ya gano cewa a matsakaici suna ƙasa da na asali da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, ta fuskar halittu da ta aikin ƙasa, har waɗanda suka daɗe ƙwarai da gyarawa. Tsuntsaye kan dawo cikin 'yan shekaru, amma baƙar lakar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa ba a yin ta da katafila.

Wannan ne ya sa nake ɗar-ɗar da tsarin da ke ba mai gini izinin cike dausayi a nan in dai zai haƙa wani a can. Amurka ta rungumi manufar kada jimillar dausayi ta ragu tun 1989, amma hekta ba ta zama daidai da hekta. Ko da sabon ya yi kyau, in yana nesa da gari, ruwan unguwar da aka cike wa nata ba zai bi shi can ba. A wannan fanni rigakafi ya fi magani, kuma ya fi araha.

Mutanen da suka riga suka zauna a ciki, ko suke neman abinci a wurin fa?

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi. Talaka ba don sha'awa yake gina ɗaki a bakin ruwa ba, nan ne kawai ƙarfinsa ya kai. In aka rushe masa ba tare da an ba shi madadi ba, wani kwarin zai koma. In kuma aka rushe ɗakinsa aka bar katafaren ginin da ke kusa da shi a cikin fadamar, ba wanda zai ƙara yarda cewa don ruwa ake yi. Inda rai ke cikin haɗari dole a tashi mutane, amma da sanarwa, da diyya, da wurin komawa, kuma doka ta hau kan kowa.

Masunta, masu lambu da masu yankan ciyawa kuwa ba abokan gaba ba ne. Ita kanta Ramsar amfani cikin hikima take kira a kai, ba kulle wuri ba. Kolkata ta nuna cewa waɗanda ke ci daga dausayi su ne ke fara ihu idan aka zo cike shi.

Shiga jerin Ramsar yana kare wuri?

Yana jawo ido, amma ba shi da ɗan sanda. Ƙasashe fiye da 170 ne cikin yarjejeniyar, da wurare sama da 2,400, kuma kowace ƙasa da dokarta take kare nata. Tun 2018 ake kuma karrama biranen da suka kula da dausayinsu. 18 ne a rukunin farko, ciki har da Kolombo na Sri Lanka, sannan Kigali da Cape Town suka shiga a 2022. Abin da ke kare dausayi a zahiri shi ne a sa shi a taswirar tsarin gari, a rubuta iyakarsa a rajistar filaye, ofishin ba da izinin gini kuma ya ƙi sa hannu.

Wanda ba masani ba, ba shi da kayan awo, me zai iya yi?

Abu mai yawa. Ka zaɓi wuri biyu ko uku a bakin dausayin, ka riƙa ɗaukar hoto daga nan, kana fuskantar gefe ɗaya, sau ɗaya a wata. Ka kafa sanda mai zane a ruwan, ka rubuta inda ya kai da kwanan wata. Ka lura da launin ruwa da warinsa, da ranar da ka ga matattun kifi, da daren da kwaɗi suka fara kuka da wanda suka daina. In ka ga tifa na juye ƙasa, ka rubuta rana da wuri. Littafin shekara biyu irin wannan ya fi ƙorafin baki ƙarfi a gaban hukuma, kuma masu bincike da kansu sukan rasa irinsa.

Bayan an gama gyara, shi ke nan?

A'a, kuma a nan ayyuka da yawa ke mutuwa, domin kuɗin gini na zuwa amma na kulawa ba ya zuwa. Dausayin gari kullum yana karɓar abin da gari ya zubar. Tun kafin a fara aiki ya kamata a rubuta wa zai kwashe ledar da ruwan farko na damina zai tara a mashiga, wa zai yashe tafkin tare yashi kuma duk shekara nawa, wa zai tuge baƙin tsirrai tun suna ƙanana, da kuma asusun da za a biya su daga ciki. A ajiye awon da aka yi kafin gyara, a maimaita shi a wurare ɗaya da lokaci ɗaya na shekara, aƙalla shekara biyar, a kuma liƙa sakamakon inda mutanen unguwa za su karanta.